Ruwan da Ya Fita Ya Dawo: Tattalin Ruwa a Shekarar Fari

Jawabin da aka gabatar ga shugabannin al'umma, da kwamitocin rijiyoyi, da ma'aikatan lafiya na garuruwan bakin iyakar Katsina da Maraɗi



Iyayenmu sarakuna, hakimai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugabannin makiyaya da sarakunan noma, iyaye mata, ungozomomi, da 'yan'uwana ma'aikatan lafiya na ɓangarorin nan biyu, ina yi muku barka da zuwa da sannu da hanya. Wasunku sun taso daga Jibiya da ƙauyukanta, wasu daga Ɗan Isa da Madarunfa, wasu kuma tun daga Gidan Rumji. Da yawanmu sai da muka tsaya a shingen iyaka kafin mu iso nan, amma abin da ya tara mu bai taɓa tsayawa a shingen kowa ba, wato ruwa.

An nemi in yi magana a kan yadda za mu riƙe ruwanmu idan damina ta gaza. Abin da nake fatan ku koma da shi gida guda ne. A shekarar fari tilas ne a yi tattalin ruwa, amma wajibi ne a san inda za a rage da inda ba za a taɓa ba, kuma a yanke wannan shawara tare, tun da kaka, kafin guga ya fara hawowa da laka.

Bari mu fara da gulbin da muke zaune a bakinsa. A ƙasar Katsina sunansa Gada, kuma shi ne ake tarewa a madatsar Jibiya, wadda aka gina a ƙarshen shekarun 1980, mai iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 142. Daga nan sai ya tsallaka cikin Nijar, ya sauya suna ya koma Gulbin Maraɗi, ya ratsa ƙasar Madarunfa, ya bi ta gefen Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya karkato ya sake shiga Nijeriya ta wajen Sabon Birni, ya faɗa Rima, ita kuma ta kai shi Sakkwato. Ku dubi wannan tafiya da kyau. Nijeriya ce a sama, Nijeriya ce kuma a ƙasa, Nijar tana tsakiya tana karɓa tana miƙawa. In mutumin Jibiya ya riƙe, na Madarunfa zai ji a rijiyarsa. In na Maraɗi ya zuƙe ko ya gurɓata, Bagobirin Sabon Birni ne zai ɗanɗana. Babu wanda zai ce shi ne na sama shi kaɗai. Kuma mutanen da ke bin wannan gulbi daga farkonsa zuwa ƙarshensa dangin juna ne, Katsinawa da Gobirawa da Fulani, masu auratayya da kasuwa ɗaya.

Gulbin nan ba ya gudu sai a 'yan watannin damina, amma babban aikinsa a ƙarƙashin ƙasa yake yin sa. Duk sa'ad da ruwa ya bi kwarin, wani kaso yana nitsewa cikin yashi ya kwanta, kuma daga wannan ajiya ce rijiyoyin fadama da na gari suke sha har bazara. Rumbu ne da ido ba ya gani. Ruwan saman da ke sauka a yankin nan yakan kama daga milimita 400 zuwa 600 a shekara, cikin wata uku zuwa huɗu kawai, alhali rana da iska suna iya kwashe fiye da mita 2 daga saman tafki ko madatsa a shekara guda. Ke nan ko a shekara mai albarka da ajiya muke rayuwa. A shekarar fari kuwa abu biyu ke haɗuwa: abin da ya shiga rumbun ya ragu, masu ɗiba kuma sun ƙaru, domin wanda gero ya ƙi masa fadama zai gangara ya yi lambu, makiyayin da tafkinsa ya ƙafe kuma rijiyar gari zai nufa. Ga kuma dubban 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi tun 2019, waɗanda su ma a rijiyoyin nan suke sha.

Daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Kakanninmu sun bar mana labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Dattawan da ke zaune a nan sun ga farin 1973, sun kuma ga na 1984, wanda mutanen Nijar ke tunawa da sunan El-Buhari saboda ya zo daidai lokacin da aka rufe iyaka. A watan Yuni na 1985 kogin Kwara da kansa ya daina gudu a Yamai. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na haka a tsakiyar shekarun 1980. Matasanmu ma sun ga 2005, shekarar da asibitocin Maraɗi suka cika da yara masu tamowa bayan ƙarancin ruwa da farmakin fara na 2004. Fari baƙo ne mai komowa a ƙasar nan. Ba mu san ranar zuwansa ba, amma mun san hanyar da yake bi.

Gwamnatocin biyu sun daɗe da fahimtar cewa ruwan na tarayya ne. Tun 1971 suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar mai mazauni a Yamai, kuma a 1990 suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwa bisa adalci a kwaruruka huɗu da suka haɗa su: Magiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El-Fadama, da ƙasan Komadugu Yobe. Yarjejeniyar ta tanadi a riƙa musayar bayani, a kuma tuntuɓi juna kafin a yi wani aiki da zai taɓa ruwan ɗaya ɓangaren. Wannan tushe ne mai kyau, kuma haƙƙinmu ne mu riƙa tunatar da hukumomi shi. Sai dai takarda a ofis take kwana. Wanda ke tsaye a bakin rijiya a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, shi ne zai raba ruwan da hannunsa, kuma da shi nake magana yau.

Me ya kawo ma'aikacin lafiya cikin zancen madatsa da fadama? Abin da muke gani a ɗakin shan magani ne ya kawo mu. Idan ruwa ya yi wuya a gida, uwar gida ba za ta rage na sha ba, ba za ta rage na tuwo ba. Abin da take fara yankewa shi ne wanke hannu, da wanke fuskar yaro, da wankin kwanuka, da wanka. Ba laifinta ba ne, lissafi ne ya kai ta nan. An lura cewa idan zuwa ɗiban ruwa da dawowa ya wuce minti 30, ruwan da ke shiga gida yakan ragu ƙwarai, kuma a kan tsafta ragin ke faɗawa. Bayan 'yan makonni sai mu fara ganin sakamakon: zawo da atuni, taifot, ƙazwa, da amodari, ciwon idon nan da ƙuda da dattin fuska ke yaɗawa, wanda in an ƙyale shi yake juya gashin ido ciki har ya kai ga makanta. Yaron da zawo ya kama sau biyu sau uku cikin rani ɗaya, tamowa ce ke jiran sa ko da akwai hatsi a rumbu.

Hanya ta biyu da fari ke kawo ciwo ita ce komawa ga ruwan da aka riga aka bari. Famfo ya tsaya, sai a koma kududdufi, inda shanu ke sha suna fitsari, inda yara ke iyo suna ɗaukar tsargiya. Ruwan da ya ragu kuwa dattinsa ƙaruwa yake yi, kamar yadda gishiri ke fitowa in miya ta ƙone. A jihar Difa, a 2017, ciwon hanta mai sa shawara ya ɓarke a tsakanin mutanen da rikici ya raba da gidajensu, a wuraren da ruwa mai tsabta ya yi ƙaranci, kuma mata masu ciki ne ya fi kashewa.

Saboda haka akwai ma'aunin da bai kamata a sauka ƙasa da shi ba. Masu aikin agaji a duniya sun tsayar da lita 15 ga kowane mutum a rana a matsayin mafi ƙaranci a lokacin tsanani, domin sha da girki da tsafta, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ganin sai an kai lita 20 kafin a ce an samu tsaftar yau da kullum. Gida mai mutum goma ke nan yana bukatar lita 150 zuwa 200, wato jarka shida zuwa takwas ta lita 25, abin da 'yan'uwanmu na Nijar ke kira bido. Asibiti yana bukatar lita 5 ga duk wanda ya zo ganin likita ya koma, da lita 40 zuwa 60 ga wanda aka kwantar. Wannan shi ne ruwan da ba a taɓawa.

To, daga ina za a rage? Mu yi lissafi tare. Hekta guda ta albasa tana shan ruwa kimanin kubik mita 5,000 daga dashe zuwa cira, wato lita miliyan 5. Gari mai mutum 1,000, kowa da lita 20, yana bukatar lita 20,000 a rana. Ruwan hekta guda ta albasa ke nan zai riƙe wannan gari kwana 250. Shinkafar rani da rake kuwa sun fi albasa sha nesa ba kusa ba. Ban kawo wannan lissafi don in ɓata wa masu lambu suna ba, domin lambun nan shi ne abincinmu da kuɗin maganinmu a shekarar da gona ta ƙi, kuma zogalen Jiratawa ya ciyar da gidaje da yawa. Na kawo shi ne don mu ga inda ruwa yake da yawa. In mai lambu ya rage kashi ɗaya cikin goma na abin da yake zubawa a hekta guda, ya bar wa garin nan ruwan kwana 25, abin da matan garin ba za su iya tarawa ba ko da sun daina wanka gaba ɗaya.

Rage wannan kaso kuwa ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A yi ban-ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya, a bar na tsakar rana, wanda rana ke raba shi da shuka. A rufe gindin shuka da ciyawa ko ƙaiƙayi ko karan gero domin laima ta daɗe. A daidaita komaye, kada ruwa ya taru a gefe ɗaya ɗayan gefen na ƙishi. Inda hali ya yi, a kai ruwa da tiyo maimakon doguwar hanyar ƙasa da yashi ke shanye rabinsa. A shekarar da aka ga rijiyoyi sun yi ƙasa tun da kaka, a rage filin shinkafa da rake, a ƙara na wake da zogale da kayan miya masu saurin nuna. Ina kuma jan hankalin masu injin hasken rana. Da can kuɗin mai ne ke sa mutum ya kashe inji. Yanzu da rana ke bayarwa kyauta, sai ka tarar da inji yana zuba tun hantsi har yamma a komin da ya riga ya cika. Rana kyauta ce, amma ruwan da ake jawowa daga rumbun jama'a yake fitowa.

Wuri na biyu shi ne famfo da tanki. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yana zubar da kusan lita 20 a kwana guda, rabon mutum ɗaya ke nan. Ku ƙirga famfunan unguwarku masu yoyo, da bututun da ya fashe a ƙarƙashin hanya, da tankin da ke ambaliya da dare babu mai kashewa. Gyaran yawancinsu bai wuce roba da ƙaramin ƙarfe ba. Abin da ke hana gyaran shi ne rashin asusu da rashin wanda aka ɗora wa alhaki. Rijiyar burtsatse, wadda ake kira foraji a wancan ɓangaren, ba ta mutuwa rana ɗaya. Tana ba da alama, ruwa ya yi rauni, hannun famfo ya yi nauyi ko ya yi sako-sako. Kwamitin da ke karɓar ɗan abin da aka amince a kan kowace jarka, yana rubutawa, yana karanta wa jama'a lissafi duk wata, shi ne ke gyara cikin kwana biyu. Wanda ba shi da asusu sai ya jira gwamnati ko ƙungiya wata shida, mata na tafiya kududdufi. Kuma a sa mata cikin kwamitin, har a ba su riƙon kuɗi, domin su ne ke fara sanin ranar da ruwa ya sauya ɗanɗano ko layi ya ƙara tsawo. A kuma keɓe wa marayu da tsofaffi da baƙin da suka gudo rabonsu ba tare da biya ba, kada a ce rijiya ta bayar guga ya hana.

Wuri na uku shi ne mashayar dabbobi. Saniya tana shan lita 20 zuwa 30 a rana, fiye da haka ma in zafi ya tsananta, tunkiya da akuya kuma kimanin lita 5. Garke mai shanu 100 ke nan yana bukatar abin da ya kai lita 3,000. Dabba ba a rage mata sha, amma ana iya hana ɓarna da rikici. A gina kwami nesa kaɗan da bakin rijiya, domin kada kofato ya dama wurin da mata ke ɗiba, kada kuma kashi ya koma ciki. A raba lokaci: gidaje da safe, garke da hantsi ko yadda gari ya ga ya dace. A bar burtali a buɗe har zuwa mashaya, kada a shuka albasa a kansa sa'an nan a ce an yi ɓarna. Malamanmu sun san cewa a fiƙihu haƙƙin shan mutum da na dabba yana gaba da na ban-ruwan shuka, dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ma ta amince wa makiyayi da haƙƙin zirga-zirga da isa ga ruwa. Makiyayin da aka zauna da shi tun da kaka aka ba shi lokacinsa, abokin tsaron rijiya ne. Wanda aka tare da sanda a watan Afrilu, shi da mai sandar duka asibiti za su ƙare.

Jerin ke nan da nake roƙon kowane gari ya amince da shi a bainar jama'a: na farko sha da girki, tare da asibiti da makaranta, na biyu tsaftar jiki da ta gida, na uku dabbobi, na huɗu lambu, na ƙarshe bugun bulo da gini da wankin mota da babur. In ruwa ya fara ja baya, daga ƙasan jerin ake fara yankewa, a hau sama a hankali.

Amma yaya za a san ruwa ya fara ja baya tun kafin ya ƙure? Da igiya da littafi. A samu igiya a ƙulla mata ƙulli a kowace rabin mita, a ɗaura ɗan dutse a bakinta. Kowace Juma'a da asuba, kafin a fara ɗiba, mutum ɗaya ya auna daga bakin rijiya zuwa fuskar ruwa, ya rubuta. Cikin shekara guda gari zai san halin rijiyarsa, cikin biyu zai iya kwatanta bana da bara. Sai a tsayar da alamomi: in ruwa ya kai ƙulli kaza, a dakatar da bulo da wankin mota, in ya kai kaza, masu lambu su koma ban-ruwa bi da bi, in ya kai kaza, a sanar da hukuma a nemi ɗauki. Amfanin tsayar da wannan tun da wuri shi ne, ranar da za a aiwatar ba wanda zai ce an nufe shi da sharri. Igiya ce ta yi magana. Kuma abin da igiyar Ɗan Isa ta faɗa ya shafi Jibiya, abin da ta Gidan Rumji ta faɗa ya shafi Sabon Birni. A riƙa aika wa juna ta waya ko ranar kasuwa. Haka nan muna roƙon masu kula da madatsa su riƙa sanar da garuruwan da ke ƙasa lokacin da za a saki ruwa da gwargwadon yawansa, domin mai lambu ya shirya, uwa kuma ta janye ɗanta daga cikin kwari.

Yanzu sai cikin gida, kuma iyaye mata ku ne malamai a nan. Tattalin gida shi ne a sa ruwa ɗaya ya yi aiki biyu. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi ya tafi gindin zogale ko ga akuya. Ruwan ɗaurayar tufafi ya wanke masai ko ya kwantar da ƙurar tsakar gida. A wanke hannu da buta, wani na zubawa, da sabulu ko toka, bayan fitowa daga masai, da bayan wanke wa yaro kashi, da kafin girki, da kafin ci ko ba yaro abinci. Wannan ba ya cin ko rabin lita, amma yana rage zawo da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kada a haɗa hannu goma a ƙwarya ɗaya da sunan tattali, domin na ƙarshe dattin tara yake wankewa da shi. Fuskar yaro kuwa ruwan cikin tafin hannu biyu ya ishe ta kowace safiya. Malamai kuma su tunatar da mu a masallatai cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu guda na zamaninsa, wanda bai kai lita ɗaya ba. Mai sakin famfo yana zuba har ya gama alwala ya bar sunna, ya kuma shiga rabon maƙwabcinsa.

Ruwan sha kuma, in ba daga famfo mai aminci ya fito ba, a gyara shi. In ya yi gauraye, a bar shi ya kwanta, ko a sa alam ko garin ƙwayar zogale, a tace da ƙyalle mai tsabta. Amma a sani ruwa ya yi garau ba shi ne ya tsarkaka daga ƙwayar cuta ba. Sai an tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar kulorin irin su Aquatabs gwargwadon yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. Inda itace ya yi tsada, a zuba ruwa garau a gorar roba mai haske a shanya a rana mai ƙarfi awa 6. Randa ta kasance a rufe, da moɗa ɗaya mai mariƙi wadda ba a sha da ita, ba a ajiye ta a ƙasa. Masai kuma ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa ya ishe shi ko da a tsakiyar bazara. Kada a ba shi ruwa; uwar ce za a ƙara wa. In zawo ya kama yaro, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, na ƙunshin asibiti in akwai. In babu, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe kan cokalin kada a yi tozo. A ci gaba da nono da abinci, a karɓo ƙwayar zink a ba shi kwana 10 zuwa 14. In idanunsa suka faɗa, ko ya kasa sha, ko aka ga jini, ko zawon ya zama kamar ruwan shinkafa, a kai shi asibiti mafi kusa, ko da a ɗaya ƙasar yake.

Wannan magana ta ƙarshe tana da dalili. A watan Yuli na 2018 kwalara ta ɓulla a gundumar Madarunfa, kuma waɗanda aka fara gani da ita daga Jibiya suka zo neman magani. Kafin ta lafa ta kama mutum sama da 3,500 a Nijar, ta kashe sama da 60. Ban faɗi haka don a ɗora wa wani gari laifi ba. Gobe tana iya tasowa daga arewa ta gangaro kudu. Darasin shi ne, labarin ciwo ya kamata ya riga ciwon tsallaka iyaka. Ma'aikacin lafiya na Jibiya ya kasance yana da lambar takwaransa na Ɗan Isa, kuma duk wanda ya ga babban mutum da zawo mai ruwa-ruwa mai tsanani ya sanar da hukumarsa ya kuma kira ɗan'uwansa a ranar. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A cikin wannan wata na Yulin 2018 ne kuma ambaliya ta afka wa Jibiya ta halaka mutum sama da 40. Ƙasar da ke kukan ƙishirwa a watan Maris ita ce ruwa ke ci a watan Yuli, domin ruwan da ya faɗi a kan ƙasa tsirara gudu yake yi, ba ya nitsewa. Ke nan rabin tattalin rani da damina ake yin sa. A nan mutanen Nijar suna da abin koya wa duniya. A jihar Maraɗi ne, tun daga 1983, manoma suka rungumi sassabin zamani, wato barin tohon kututture a gona a gyara shi ya zama itace, har aka ƙiyasta cewa filin da ya farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ya kai hekta miliyan 5. A jihar Tawa kuma tassa da rabin wata sun mai da faƙo gona. Gawo a gona, da jerin duwatsu a gangare, da yashe tafki da gayya kafin ruwan farko, duk hanyoyi ne na tsayar da ruwa ya shiga rumbun nan na ƙasa. Da yayyafi kogi kan cika.

Kada wani ya ce aikin ya fi ƙarfinmu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya kaɗai. Cutar ba ta da allura, ba ta da ƙwaya. Da ƙyallen tace ruwa, da hana mai ciwo shiga tafki, da mutanen ƙauye masu zagayawa gida gida suna rubutawa aka kore ta, har a watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Nijeriya da Nijar, a lokaci guda, cewa sun rabu da ita. Da ɗaya ta yi sakaci, da ɗayar ba ta tsira ba. Wasu daga cikin waɗanda suka yi wannan aiki suna zaune a cikinmu yanzu.

Abin da nake roƙo kafin mu watse kaɗan ne. Iyayenmu sarakuna, ku kira zaman ruwa a kowane gari kafin a gama kai amfanin gona gida, a zauna da mai lambu da makiyayi da mai sayar da ruwa da mata, a tsayar da jeri da alamomi. Kwamitoci, ku fara awo daga Juma'a mai zuwa, ku buɗe littafin asusu. Malamai, ku sa maganar a huɗuba. 'Yan'uwana ma'aikatan lafiya, kada wanda ya bar wurin nan bai karɓi lambar takwaransa na ƙetaren iyaka ba. Iyaye mata, ku riƙe ruwan wanke hannu da na fuskar yara, kada ku bari a taɓa shi, kuma in an zo rabon ruwa a gari ku faɗi haka da babbar murya.

Muna roƙon Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da fari da ambaliya da annoba, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.